Isaac Fadoyebo: Tsohon Sojan Boma da Manomin da Ya Ɓoye Shi

Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet. A Zariya akwai barikin Chindit, a Yaba ta Legas akwai barikin Myohaung, a Akra kuma hedkwatar sojan Gana tana wurin da ake kira Burma Camp. Muna faɗin waɗannan sunaye kullum a tashar mota da kasuwa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa daga wata ƙasa mai nisa suka zo, watau Boma, wadda tun 1989 ake kira Miyanma. A can ne kakanninmu suka yi yaƙi da Japanawa daga 1943 zuwa 1945. Kimanin sojoji 90,000 ne suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Najeriya, sauran kuma daga Gwalkwas (Gana ta yau), da Saliyo, da Gambiya.

Yawancin mutanen nan ba su yi makaranta ba, saboda haka labarinsu ya bi su kabari. Amma akwai ɗaya da ya zauna ya rubuta nasa. Sunansa Isaac Fadoyebo, wanda da Hausa za mu ce Ishaku. Ba janar ba ne, ba ma kofur mai suna ba ne. Ƙaramin ma'aikacin jinya ne wanda harsashi ya kayar tun yana ɗan shekara 18. Ta wurin rayuwarsa za mu duba zamanin da ya haife shi, mu ga abin da aka yi wa mazan jiya, da abin da suka bar mana.

Yadda yaƙin ya iso ƙofarmu

Tun 1897 Turawan Ingila suka kafa rundunar da ake taƙaita sunanta WAFF, a ƙarƙashin Lugga. Da ita suka ci ƙasashe da yawa, da ita kuma suka riƙe su. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki a cikin wannan runduna, har a Gwalkwas, ko da yake sojojin sun fito daga kabilu iri iri. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, aka fara kai sojojin Najeriya da na Gwalkwas gabashin Afirka. Suka kori Italiyawa daga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka ci gaba har cikin Habasha.

Duk da haka Ingila ba ta iya kwashe sojojinta daga Afirka ta Yamma ba, gama tana tsoron maƙwabta. Bayan da Jamus ta ci Faransa a 1940, Cadi da Kamaru suka bi Janar de Gaulle a watan Agusta na wannan shekara, amma Nijar da Dahome da sauran ƙasashen Faransa na yamma suka zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Sai a ƙarshen 1942 ne su ma suka koma ɓangaren Ingila da Amurka. Daga nan iyakar Najeriya da Nijar ta daina zama abin tsoro, sojoji dubbai suka zama ba su da aiki a gida.

A gabas kuwa wuta tana ci. Japan ta kama Singafo ran 15 ga Fabrairu 1942, ta kama Rangun a watan Maris, ta kori Turawa daga Boma har bakin iyakar Indiya. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabancin sojojin Afirka ta Yamma, ya ba da shawara a kai su can. Hujjar Turawa ita ce, wai baƙar fata ya saba da kurmi da zazzaɓi. Ba su damu ba cewa da yawa cikin samarin daga ƙasar fako suka fito, ba su taɓa ganin kurmi ba sai a Boma. Haka aka kafa Runduna ta 81 a watan Maris 1943, daga baya kuma ta 82. Alamar ta 81 gizo-gizo ce, watau Ananse na tatsuniyar Asantawa, ɗan'uwan Gizo namu. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo.

Yaro ya shiga soja

An haifi Isaac a watan Disamba 1925 a Emure-Ile, wani ƙauye kusa da Owo a ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Ondo ta yau. Kirista ne, ya kuwa yi makarantar firamare. Ya so ya ci gaba da karatu, amma ba a sami hali a gida ba. A watan Janairu 1942, yana ɗan shekara 16, ya ba da kansa aikin soja. Ba ƙiyayyar Japan ce ta kai shi ba, gama bai san Japan ba. Abin da ke gabansa shi ne kaki, da albashin sule guda a rana, da zarafin ganin duniya.

Haka abin yake ga dubban tsaransa. Waɗansu talauci ne ya tura su, waɗansu son suna, waɗansu kuma hakimi ko sarki ne ya sa aka kawo su domin a cika adadin da Bature ya nema. Waɗanda suka iya karatu, irin su Isaac, aka mai da su akawuna, da direbobi, da masu aikin waya, da ma'aikatan jinya. Da yawa cikin irin waɗannan daga makarantun mishan suka fito. Shi Isaac aka koya masa ɗaurin rauni da kula da majinyata, aka sa shi cikin ƙungiyar asibitin fagen fama mai lamba 29. Ya yi aiki a Saliyo tukuna, sa'an nan a 1943 aka sa su a jirgin ruwa. Jirgin ya kewaya ta kudancin Afirka, ya sauke su a Bambai ta Indiya. Daga can jirgin ƙasa ya ratsa da su faɗin Indiya zuwa gabas, har suka kai gindin duwatsun da suka raba Indiya da Boma.

Kwarin Kaladan

Aikin da aka ba Runduna ta 81, a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, shi ne ta gangara kwarin kogin Kaladan a lardin Arakan, ta tsare gefen hagu na babbar rundunar da ke yaƙi a bakin teku. An cire birged ɗaya ta 'yan Najeriya aka ba Janar Wingate, shugaban mayaƙan da ake kira Chindit, masu faɗa a bayan abokan gāba. Daga nan ne barikin Zariya ya sami sunansa.

Ƙasar Kaladan duwatsu ce masu tsayi da kurmin gora, babu hanyar mota. Sojojin suka sa adda da diga da shebur, suka fasa hanyar ƙaramar mota mai tsawon mil fiye da 70 a cikin duwatsun. Inda mota ta kāsa, mutum ne ya ɗauka. Akwai ƙungiyoyi na musamman na 'yan dako, masu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a kā, suna hawa suna gangara. Abinci kuwa daga sama jiragen sama ke jefo musu da laima. Wannan ne ya sa rundunar ta iya shiga inda sauran rundunoni ba su iya ba. Banda harsashin Japanawa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga matsattsaku masu shan jini.

Zuwa ƙarshen Fabrairu 1944 sun kai Kyauktaw, suna ganin nasara ta kusa. Amma Japanawa, a ƙarƙashin Kanar Koba, suka zagayo ta gefen da ba a tsare sosai ba. A farkon watan Maris suka auka musu, har rundunar ta ja da baya. Ƙungiyar su Isaac, wadda ba ta mayaƙa ba ce, ta faɗa daidai bakin wannan tarko ba da saninta ba.

Safiyar 2 ga Maris 1944

Suna gangarowa ne a kogin bisa gorar da aka ɗaɗɗaure ta zama abin fito. Suka kwana a gaɓa kusa da wani ƙauye, suna tsammani abokan gāba suna nesa. Da gari ya waye sai harbi ya tashi. Ma'aikatan asibiti ne, ba su da abin da za su mai da martani da shi. Harsashi ya sami Isaac a ƙafar dama ya farfasa ƙashin cinya, wani kuma ya same shi a jiki. Wani likita Bature, Kyaftin Brown, ya zo wurinsa ya taimake shi gwargwadon iyawa, amma Japanawa suka kama likitan suka tafi da shi, ba a ƙara ganinsa ba. Da suka dubi Isaac, suka ga ba shi da sauran amfani, sai suka bar shi ya mutu da kansa.

Bai mutu ba. Ya kwana ya tashi a cikin jini, a tsakiyar gawawwakin abokan aikinsa. Waɗansu da suka ji rauni tare da shi suka yi kwanaki suna fama, sa'an nan suka cika ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya haɗu da wani saje ɗan Saliyo, David Kargbo, shi ma da raunin harsashi. Su biyu suka rage. Rundunarsu ta yi nisa, babu magani, babu likita, raunin Isaac ya ruɓe har ya yi tsutsa, ga damina tana tafe. Damina kuwa a Arakan ba irin tamu ba ce, gama ruwa yakan yi kwana da kwanaki yana zuba ba ƙaƙƙautawa.

Wata tara a ɓoye

Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne manoman shinkafa, daga cikin jama'ar da yau duniya ta sani da sunan Rohingya. Ya kamata mai karatu ya san halin da suke ciki. A 1942, sa'ad da Turawa suka gudu, faɗa mai muni ya tashi a Arakan tsakanin mabiya addinin Buddha da Musulmi, aka kashe mutane da yawa a kowane gefe. Galibin Musulmi suka karkata ga Ingila, da yawa cikin maƙwabtansu kuma ga Japan. Saboda haka idon Japanawa yana kan ƙauyukan Musulmi, wanda duk aka kama yana taimakon sojan Ingila kuwa ya san abin da zai same shi da iyalinsa.

Duk da haka waɗansu mutanen ƙauyen suka riƙa kawo wa baƙin nan shinkafa da ruwa a inda suke kwance a daji. A cikinsu akwai wani talaka mai suna Shuyiman. Shi ne bai gaji ba. Da ya ga zaman daji zai kashe su, sai ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Ya ciyar da su daga ɗan abin da yake da shi, ya ɓoye su duk lokacin da 'yan sintirin Japan suka ratso. Ba su jin harshensa sai abin da suka tsinta a hankali, ba danginsa ba ne, ba su kuwa da ko anini da za su ba shi.

Akwai wani abu a labarin nan da bai kamata a tsallake shi ba. Domin su sami karɓuwa, Isaac da abokinsa sun nuna wa mutanen ƙauyen kamar su Musulmi ne. Isaac da kansa ne ya faɗi haka daga baya, bai ɓoye ba. Mai karatu Kirista zai ji nauyin wannan a zuciyarsa, daidai ne kuwa ya ji. Amma kafin mu yanke hukunci, sai mu tuna yaro ne ɗan shekara 18, da karyayyar cinya, a ƙasar da bai san kowa ba. Sai mu tuna kuma cewa wannan bai rage kome daga alherin Shuyiman ba. Ko da wane suna ya san su, kansa da na 'ya'yansa ya sa a bakin takobi saboda baƙi biyu da suka zo daga wata duniya.

Bayan damina Runduna ta 81 ta sāke gangarowa Kaladan, wannan karo a ƙarƙashin Manjo Janar Loftus-Tottenham. A watan Disamba 1944 sojojin ɓangaren Ingila suka iso ƙauyen, suka tarar da mutum biyu da aka riga aka fid da rai da su. Wata tara ke nan tun ranar da aka harbe su. A watan Janairu 1945 rundunonin nan biyu, ta 81 da ta 82, suka haɗu suka kama Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Japan ta ba da kai a watan Agusta na wannan shekara.

Komowa gida

Aka kai Isaac asibiti a Indiya, likitoci suka ceci ƙafar, amma ta gajarce, ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa. A 1945 ya komo Najeriya. Shi da David suka rabu, kowa ya nufi ƙasarsa, ba su ƙara saduwa ba. A Emure-Ile an riga an ɗauka ya mutu. Da ya bayyana, mutane suka riƙa watsa masa ƙasa, bisa ga al'adarsu, domin su tabbata mutum ne ba fatalwa ba. Sai da suka ga bai ɓace ba suka rungume shi.

Ya fi yawancin abokansa sa'a, gama yana da ilimi. Ya sami aikin gwamnati a Ma'aikatar Ƙwadago, ya zauna a Legas, ya yi aure, ya yi renon 'ya'yansa, har ya yi ritaya. Dubban 'yan Boma kuwa suka komo suka tarar babu aikin da aka yi musu alkawari. Waɗansu suka koma gona, waɗansu suka zama masu gadi da masinjoji da 'yan doka.

Hakkin da ba a biya ba

Takardun gwamnatin Ingila na 1945, waɗanda 'yan jarida suka fito da su a 2019, sun nuna yadda aka yi rabon kuɗin sallama. Farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙar fata mai irin muƙaminsa kuwa sule uku da sisi. Harsashi bai bambanta su ba, amma takardar biya ta bambanta.

A Akra ɓacin ran ya fito fili. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano, ba makami, za su kai kukansu ga Gwamna a fādarsa ta Christiansborg. 'Yan sanda suka tare su, wani hafsan 'yan sanda Bature ya buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta girgiza mulkin mallaka, aka kama Kwame Nkrumah da abokansa biyar, aka kafa kwamitin bincike, aka sāke tsarin mulki. Shekara tara bayan haka, ran 6 ga Maris 1957, Gana ta sami 'yancin kai.

'Yan'uwanmu na ƙasashen Faransa ma sun sha irin tasu. Ran 1 ga Disamba 1944, a daidai watan da aka ceto Isaac, sojojin Faransa suka harbe sojojin Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar, mutanen da suka fito daga kurkukun Jamus suna neman bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi kuwa sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. A 1959 kuma Faransa ta yi doka ta daskarar da fenshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, har da na Nijar da Cadi, ba a kuwa daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011, bayan yawancin masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya.

Wasiƙar godiya

Da Isaac ya manyanta, ya rubuta labarinsa da Turanci ya aika wa gidan rediyon BBC a Landan. Rubutun ya kai hannun masanin tarihi David Killingray, wanda ya shirya shi, aka buga a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck, watau sa'ar da ta wuce a gaskata. Ɗan ƙaramin littafi ne, kaɗan ne suka karanta shi. Amma wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Najeriya, ya ci karo da shi, ya nemi marubucin har ya same shi da rai a Surulere ta Legas.

Abu guda ne ya dami tsohon. Ranar da aka ceto shi an tafi da shi da gaggawa, bai yi wa Shuyiman godiyar da ta kamata ba, bai kuwa ƙara jin labarinsa ba. Tsufa ya hana shi tafiya, sai ya rubuta wasiƙa. A 2011 Phillips ya ɗauki wasiƙar ya tafi kwarin Kaladan, ya bi ƙauye ƙauye har ya sami gidan. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma zuriyarsa suna nan, ba su kuwa manta da baƙaƙen sojoji biyu da suka zauna a gidansu ba. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Shekara 67 ke nan godiyar tana hanya. Gidan talabijin na Aljazira ya nuna wannan tafiya a 2011, Phillips kuma ya rubuta littafi a kanta mai suna Another Man's War, wanda ya fito a 2014.

Isaac ya ji labarin isar wasiƙarsa kafin ya rasu a watan Nuwamba 2012, yana da shekara 86. A wannan shekara ce faɗa ya sāke tashi a Arakan, wadda yanzu ake kira Rakhine. A 2017 kuma Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash saboda farmakin sojojin Miyanma. Jama'ar da ta ba baƙo mafaka ta zama mai neman mafaka.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa masu karatu, da yawa cikinmu muna zaune ne a garuruwan da Kirista da Musulmi ke shan ruwan rijiya ɗaya, mun kuma san yadda zaman yakan yi tsami wani lokaci. A irin waɗannan ranaku ana yawan tuna mana da muguntar da wancan gefe ya yi. Ya kamata a riƙa tuna mana da irin su Shuyiman kuma, gama suna nan a kowace jama'a, sai dai ba a cika rubuta sunansu ba. Da Isaac bai ɗauki alƙalami ba, da babu wanda ya san an yi wannan manomi a duniya.

Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 16 a 1942, in yana da rai yau, ya kai shekara ɗari ko kusa da haka. 'Yan Boma sun kusa ƙarewa. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna tare da mu, a majami'u da masallatai da zangonni, daga Jos zuwa Tamale, daga Maraɗi zuwa Garwa. A akwatunan gidaje da yawa akwai lambar yabo da ta yi tsatsa, da takardar sallama, da hoton saurayi cikin kaki. A fito da su, a tambayi tsofaffin da suka ji labari daga bakin masu shi, a rubuta suna da ƙauye da bataliya da abin da ya faɗa, a ajiye inda yara za su samu. Wanda kuma yake da bashin godiya a wuyansa, kada ya jira shekara 67.